Na Sayi Mota da Idon Mai Sayen Sa

Saura kaɗan in bar wannan labarin ya mutu a cikina. Sau biyu ina ɗauko shi ina fasawa, don mutum mai furfura a gemu ba ya son a riƙa tuna masa ranar da ya tsaya cikin laka har gwiwa. To amma na lura duk wanda ya ba da labarin a Mafara sai ya ƙara masa gishiri (yayana Garba har cewa yake wai kuka na yi, alhali gumi ne), shi ya sa na ga gara in faɗi nawa da bakina, ko a samu na gaskiya guda ɗaya yana yawo cikin gari.

Ba na jin zan taɓa mantawa da daminar da na sayi akori-kura. Shekarun baya ne, lokacin da mutum ke iya kama hanyar ƙauye ba sai ya tsaya tambayar ko hanya lafiya ba.

Gidanmu gidan fawa ne da fataucin shanu. Yaya Garba shi ya zauna ya riƙe sana'ar mahaifinmu, ni kuwa ƙafa ce ta yi mini yawa. Na yi Ikko, na yi Fatakwal, na yi Kwatano, na leƙa Agadas, ina bin fata da albasa da duk abin da ya samu. Da na gaji na dawo gida sai na tarar an naɗa mini wata sarauta da ban nema ba: ni ne wanda ya san duniya. Waya ta lalace, a kai wa Alhaji. Janareto ya ƙi tashi, a kira Alhaji. Ni kuma sai in karɓa in jujjuya, in ce, "Hmm, irin wannan ce," in tura a kai wa mai gyara. In ta gyaru a ce Alhaji ya san hannu. A haka na kwashe shekaru ban taɓa buɗe baki na ce ban san abu ba, kuma ban ga ranar da hakan ya cuce ni ba.

Dalilin sayen motar ba alfarma ba ce, wannan dai ku yarda da ni. Innarmu 'yar Dakko ce, can ƙasar Bakura, kuma ƙanwarta ɗaya tilo da ta rage mata, wadda muke kira Inna Ƙarama, tana can tana fama da jinya. Inna ƙafafunta sun daina ɗaukar hawan babur, ƙananan motoci kuwa in ruwa ya sauka ba mai yarda ya saka tasa a hanyar gidan. Damina ta kama, saƙo yana ta zuwa cewa jiki ya ƙi daɗi. Inna ba ta taɓa cewa a kai ta ba. Sai dai kullum in na shiga gaishe ta, bayan mun gama ina kwana da ina gajiya, ta ce, "Ko an yi ruwa wajen Dakko?" Shi ke nan tambayar. Ni kuma na san abin da ke ƙarƙashinta.

Sai na ce zan sayi mota mai ja da taya huɗu, wadda laka ba ta tsayar da ita. Ta kai Inna, ta kuma riƙa ɗauko mana harawa da dusa.

Matsalar ita ce aljihuna bai kai bakina ba. Na je Gusau na ga wasu, na je Sakkwato na ga wasu, duk wadda ta kwanta mini a rai in aka faɗi kuɗinta sai in ce launinta ne bai yi mini ba. Ana nan sai wani dillali ya ce akwai wata a Maradun, ta wani Malam Isiyaku, da yake ɗaukar gyaɗa da ita, kuma kuɗin daidai ni.

Daren tafiya bai yi ba, tun da la'asar Yaya Garba ya same ni a rumfarsa ya ce, "Mu tai da Bala bakanike shi duba muna ita."

Na ce, "Haba Yaya. Ni da na zauna kusa da tashar jirgin ruwan da ake sauke motocin nan?"

Gaskiya ne na zauna kusa da tashar. Shayi nake sha a bakin ƙofarta. Abin da ya hana ni ɗaukar Bala kuwa ba wani abu ba ne illa tsoron kada ya tambaye ni wani abu a gaban mutane. Tuƙi na iya, wannan ba gardama. Amma abin da ke cikin mota daga bonet zuwa ƙasa, da ni da Inna duk iliminmu ɗaya.

Ranar kasuwar Maradun muka je, ni da Yaya Garba. Na saka babbar riga ta farar shadda, ta sha sitati, don kada mai mota ya raina ni wajen ciniki. Malam Isiyaku ya tare mu a ƙofar gidansa, dattijo mai sanyin murya, ɗan gidan malamai, allunan ɗalibansa jere a zaure. Muka gaisa kamar ba za a gama ba: ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya damina, yaya mutanen Mafara, yaya muka ji da hanya. Sannan ya nuna mana ita a gindin darbejiya. Fara ce, an wanke ta, an rubuta huɗu sau huɗu a gefen bodinta da manyan lambobi. Ina ganin lambobin nan zuciyata ta gama saye.

Amma ɗan gidan fatake ba ya nuna yana so. Na ɗaure fuska na fara dubawa, kuma sai daga baya na gane yadda na duba ta. Na zagaya ta sau uku ina kallon tsayuwarta. Na daki tayoyin da ƙafa ɗaya bayan ɗaya, kamar mai duba kofato. Na danna bayanta da tafin hannu in ji ko akwai nama. Na sa aka buɗe bonet na leƙa kamar mai ƙirga haƙora, na gyaɗa kai. Daga ƙarshe na ce a ja ta in ga tafiyarta, aka tuƙa ta zuwa bakin masallaci aka dawo, na tsuguna daga nesa ina kallon ko tana ɗingishi. (Da tana da wutsiya, wallahi da na ɗaga.) Yaya Garba yana gefe yana kallona da girmamawa, don a idonsa duk abin da nake yi daidai ne. Haka shi ma zai duba.

A ciki kuwa na ga abin da na zo nema: ƙaramar giya a gefen babbar, wadda direbobi ke kira ogzilari, wadda in an ja ta tayoyin gaba su ma su kama aiki. Na taɓa ta, na ji tana motsi. Na ce a raina an gama.

To ga inda abin yake. Ku san a wajenmu, mai tsoron Allah ba ya sayar da dabba sai ya faɗi aibinta. In saniya tana harbi zai ce tana harbi, in ta taɓa ɓari zai faɗa. Malam Isiyaku irin waɗannan ne. Kafin a shiga ciniki ya ɗauko buhu ya shimfiɗa a ƙasa gefen motar, ya ce, "Alhaji, ka leƙa ƙarƙashinta tukuna. Akwai abin da nike son ka gani da idonka."

Na dubi buhun, na dubi shaddata. Na kuma tuna ko na kwanta ban san abin da zan kalla ba. Na ce, "Malam, ai na riga na gani tun daga nan."

Ya ce, "To, don in fita haƙƙinka. Furofela ta gaba, mun cire ta tun bara. Ƙara ta riƙa yi, mu kuma kwalta munka fi bi. Tana nan cikin gida, in kana so a ɗauko maka, gyara kaɗan taka so."

Jama'a, ban san mece ce furofela ba. Na taɓa jin sunan a jikin jirgin ruwa, shi ke nan. Na ɗauka wani abin ado ne, irin ƙarfen da samari ke ɗaura wa gaban mota. Kalma huɗu kawai ake nema a wajena: Malam, mece ce ita? Har sun zo bakina. Sai na ga dillali yana kallona, Yaya Garba yana kallona, wasu mutum biyu da suka tsaya kallon ciniki su ma suna kallona.

Na yi murmushin manya na ce, "Bar ta kawai, Malam. Ai mu ma can Ikko cirewa muke yi. Nauyi ce kawai."

Ya ce, "Ka tabbata?"

Na ce, "Na tabbata."

Aka yi ciniki, na taya, ya ce albarka, na ƙara, ya sallama. Muka yi musabaha, dillali ya shafa fatiha. A hanyar dawowa Yaya Garba sai yaba ni yake: "Kai, yawo ya yi rana. Ni ko sunan abin ban taɓa ji ba." Na ce masa ai sai a hankali.

Bayan kwana huɗu muka shirya tafiya Dakko. An kwana ana ruwa, gari ya waye da sanyi mai daɗi. Inna tun asuba ta yi wanka ta ɗaura sabon zane. Ta sa an soya nama an cika kwano, ga zuma a gora, ga turmin atamfa da ta ɓoye wa ƙanwarta ban san tun yaushe ba. Muka ɗaga ta muka zaunar a gaba, Yaya Garba ya matse a tsakiya. Ta shafa kujerar ta ce, "Auta, wagga taka ta?" (Na haura hamsin, amma a bakinta har gobe Auta nake.) Na ce, "Taki ce, Inna." Ta ce Allah ya yi albarka. Ban taɓa jin daɗin wata addu'a kamar wannan ba.

Har Bakura lafiya lau. A inda za mu sauka daga kwalta, 'yan kabu-kabu suna zaune a inuwa, ɗaya ya taso ya ɗaga mana hannu. Ya gaida Inna, sannan ya ce mini, "Alhaji, kwarin can gaba ya sha ruwa jiya. Ku dakata rana ta ɗan buge shi, zuwa azahar shina yin dama."

Na sauke gilashi sosai, na daki ƙaramar giyar nan da yatsa yadda zai gani. Na ce, "Samari, wannan ba ta san laka ba."

Ya leƙo ya ce, "Au, mai ogzilari ta! To ku tai abinku, Alhaji."

Kwarin ba wani babban abu ba ne a ido. Hanya ce ta ɗan gangara tsakanin gonakin dawa, ruwa ya kwanta a kanta, baƙar laka mai sheƙi. Na tsaya a bakinsa da gangan don a lura. Na ce, "Inna, riƙe da kyau, yanzu za ki ga aiki." Na taka kuloci, na ja ƙaramar giya da bisimilla, na shiga.

Mun yi kamar tsawon igiyar guga uku. Sai na ji bayan motar ya yi wani lilo, sannan ta tsaya. Na taka totur. Inji ya yi kuka, laka ta tashi sama ta bayanmu kamar ana sheƙar hatsi. Na koma baya, ta ƙi. Na dawo gaba, ta ƙi. Kowane taku sai in ji mun ƙara zama. Yaya Garba ya miƙa ta gaban Inna ya leƙa ta taga ya daɗe yana kallo, ya dawo da kansa ya ce, "Alhaji, su na gaba hutu suka yi? Ban ga suna motsi ba."

Na ce, "Sai sun ɗau zafi."

Kafin wani lokaci manoma sun baro gonakinsu sun taru, kowa da fartanya a kafaɗa. Aka tura, aka saka itace, aka saka duwatsu, aka yanko ganye aka cusa. Ni ina ciki ina ba da umarni ta taga. Can sai ga wani mai babur ya iso daga wajen Dakko, ashe ya taɓa zama a gareji. Ya tsaya ya kalli tayoyin gaba, ya ce in taka, na taka, ya girgiza kai. Ya tuɓe rigarsa, ya kwanta cikin lakar nan ya leƙa ƙarƙashi. Ya fito yana share fuska.

Ya ce, "Alhaji, ina furofelarka ta gaba?"



Ya juya yana yi wa jama'a bayani, don ya ga alamar ba a gane ba: "Wani sandan ƙarfe na, shi ka kai ƙarfin inji ga tayun gaba. In babu shi, ko ka ja giyag ga har ta karye, ƙahwa biyu motar taka da. Wanda yas sayar maka ya cuce ka, Alhaji. Ɓarawo na!"

Nan fa aka ɗauka. Wannan ya ce a kai ƙara, wancan ya ce mutanen yanzu ba amana. Kuma in faɗa muku gaskiya, na yi shiru. Na ji ana zagin bawan Allah da ya shimfiɗa mini buhu da hannunsa, na bari, har ina ɗan gyaɗa kai. Wannan shirun ya fi komai damuna in na tuna, ya fi lakar.

Yaya Garba ne ya katse su. Shi mutum ne da ba ya iya ƙarya ko ta taimako. Ya ce, "A'a, ku dakata. Furofela? Ai mai motar ya hwaɗi. Har ya ce a ɗauko muna ita." Ya juyo gare ni, ba da mugunta ba, da neman ƙarin ilimi tsakaninsa da Allah: "Alhaji, ba ita ta kac ce a bari ba? Kac ce can Ikko cirewa kuke yi?"

Ba wanda ya yi dariya nan take. Da sun yi da ya fi mini sauƙi. Wani tsoho ne kawai ya ce, "Ikon Allah. Su can ba su da laka, halama."

Duk wannan abin Inna tana zaune, kwanon nama a cinyarta. Rana ta take. Ta nemi ruwa ta yi alwala ta taga, ta yi azahar a zaune. Na saci kallonta na ga ba ni take kallo ba, hanya take kallo, can inda ta haura ta ɓace cikin dawa. Sai a lokacin na daina tunanin mutuncina na tuna abin da ya fito da mu. Mace tana kwance tana jiran yayarta, ni kuma na tsayar da ita a cikin kwari saboda na kasa yin tambaya ɗaya.

Wani manomi mai amalanken shanu ya ce zai kai ta. Muka ɗauko ta ni da Yaya Garba, muna nutsewa har gwiwa. Amalanken ya sha ɗaukar taki, ba wurin zama mai kyau. Yaya Garba bai tambaye ni ba ya zare babbar rigata daga kafaɗata ya ninka ya shimfiɗa mata. Ta zauna, aka miƙa mata kwanonta da gorar zuma da atamfa. Shi ya bi su a ƙasa. Ni aka bar ni gadin mota, da 'yar shara da wando, har mai shanun ya dawo gab da la'asar ya ɗaura igiya suka fizge ta kamar wasa. Na rasa wanda zan gode wa, shi ko su, sai na gode musu duka.

Da na isa Dakko na tarar da su biyu a ɗaki, Inna ta riƙe hannun ƙanwarta, suna magana ƙasa-ƙasa kan mutanen da duk sun rasu kafin a haife ni. Inna Ƙarama ta rame ƙwarai, amma da ta gan ni cikin laka ta yi dariya har da tari. Ta ce, "Auta, da ƙahwa kaz zo daga Mahwara?" Kwana uku Inna ta yi a wurinta.

Mako na zagayowa na koma Maradun, wannan karon da Bala bakanike, da tsohuwar riga. Ina yin sallama na hango furofelar a jingine a zaure kusa da alluna, an goge ta an shafa mata mai. Malam Isiyaku ya ce, "Tun randa kunka tahi na hiddo ta. Na san ana dawowa." Bai tambaye ni abin da ya faru ba, ni kuma na faɗa masa duka, har da zagin da na bari aka yi masa. Na roƙi gafara. Ya ce ya yafe, ya sa aka kawo mana fura. Ranar na kwanta a kan buhun nan, Bala yana nuna mini abubuwa ɗaya bayan ɗaya, ina cewa, "Wannan fa, mene ne shi?" Na yi tambaya ta fi ashirin. Na tashi na duba jikina, ba abin da ya ragu.

Inna Ƙarama ba ta ga kaka ba. Da muka koma ta'aziyya an sake yin ruwa, kwarin ya fi na ranar cika. Na ja ƙaramar giya ba tare da na yi wa kowa sanarwa ba, motar ta ratsa ta wuce kamar a kan kwalta. Abin da ke raina shi ne, da ranar farko babu mai amalanke a kusa fa? Da saƙon ya riga mu isa fa? Na sha ganin mutane sun yi asara saboda rashin sani, wannan kowa yana yi, ba abin kunya ba ne. Ni nawa daban: an kawo mini sanin har gaban ƙafata, an shimfiɗa mini buhu, na tsallake.

A hanyar dawowa, mun hau kwalta mun bar Bakura a baya, Inna tana jan carbi, na ɗauka ma barci ya fara ɗibarta. Tun ranar lakar ba ta taɓa tayar mini da maganar ba, har na sa rai ta manta. Sai na ji ta ce, "Auta."

Na ce, "Na'am, Inna."

Ta ce, "Ni ban je ko'ina ba, shi ya sa nike tambaya. Duk garuruwan ga da kaz zaga, akwai inda ake kama mutum in ya ce bai sani ba?"